Turakun Siminti a Gonar Manu

Akwai wani mai gyaran keke a Kankiya da ake kira Dawuda. Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai, lokacin da duk mai keke a gari sai an san sunansa da na ubansa.

Rumfar Dawuda na gindin wata tsamiya a bakin hanyar Kano zuwa Katsina. Ban da faci da ɗaurin sarƙa, shi ke liƙe tiyub ɗin ƙwallon kulob ɗin gari, wanda ake kira Zarata. Shi ne kuma ɗan wasan baya mafi daɗewa a cikinsu.

Mutum ne da ba ka gane cikinsa. Shekara huɗu ke nan da sanƙarau ya ɗauke amininsa Manu, golan Zarata, a cikin kwana biyu rak. Dawuda bai yi kuka ba ranar, bai yi washegari ba, daga nan kuma kamar an toshe wani abu a ƙirjinsa. Su ci, a ba su kashi, duk ɗaya ne a wurinsa. Ko a jikinsa, wai an tsikari kakkausa.

Wataƙila shi ya sa 'yan kallo suka mayar da rumfarsa majalisa. Mai rumfa ba ya kora, ba ya kuma sa baki.

Musun da suke yi kullum guda ɗaya ne, ba ya tsufa: wa ya fi, tsohon manaja Malam Nata'ala ko sabo, Shehu Akawu?

Babba tela shi ne kakakin ɓangaren Shehu. Da ya zauna sai ya ɗaga yatsu.

"Shekara biyar Malam na riƙe da mu, mi muka ci? Ko cokali ba mu ciwo ba, balle kofi. Shehu hwa? Shekara biyu, kofi guda. Ga riguna iri ɗaya, ga takalma. Wanga shi a babban kulob."

Dabo mahauci kuwa ba ya bari ta faɗi ƙasa.

"Riguna dai kai ka ɗinka su, dole ka yabe su. Hwaɗa mani sunan uban mutum ukku cikin masu saka su."

"Uban mutum ka buga ƙwallo?"

"Zamanin Malam, in Zarata na wasa, kasuwa watsewa take. Tsohuwa ta ajiye hurarta ta taho, don ɗanta na ciki."

"Ta taho ta ga an ci ɗan nata huɗu da nema!"

Sai a fashe da dariya. Dawuda na duƙe a kan kwanon ruwa yana neman inda tiyub ke fitar da iska.

To bari in gaya muku abin da ke ƙarƙashin wannan musu, don su kansu ba sa son taɓa shi.

Filin da Zarata ke wasa ba fili ba ne tun asali. Gona ce. Gonar Manu ce, wadda mahaifinsa, tsoho Bube, ya yanka masa ranar da ya yi aure. Da Malam Nata'ala, malamin elementare, ya tara samarin gari ya koya musu ƙwallo, sai aka rasa wuri shimfiɗaɗɗe. Manu ya ce ga gonarsa. Aka je zauren Bube da goro, aka karɓi aro a gaban shaidu, a kan sharaɗin da kowane ɗan manomi ya sani: gonar aro ba a dasa mata itace, ba a yi mata gini. Wanda ya kafa abin da ba ya ciruwa a ƙasar wani, ya fara cewa tasa ce.

Saboda haka turakun gola na Malam na itace ne, ana tura su a rami a danne da ƙasa. Da hadari ya fara haɗuwa sai ya hura usur, a tumɓuke su, a jingine a bayan makaranta. Duk damina babu ƙwallo. 'Yan wasa su ne 'yan gayya: su yi shuka, su yi noma, su yi maimai, su girbe. Bayan an kwashe dammuna sai a tone tushiya, a baje kunya, a mayar da turaku.

Da Manu ya rasu ya bar matarsa Luba da 'ya'ya mata biyu, Malam bai fasa ba. Sai ma ya ƙara tsanani, don hatsin gonar nan shi ne tuwonsu na shekara.

Ana nan sai Shehu ya zo garin, akawun wani kamfanin sayen gyaɗa. Ya ga duniya, ya ga filayen birni, bakinsa kuma akwai zaƙi. Ya kalli Zarata suna baje kunya ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wannan kulob ne ko ƙungiyar manoma? Wata biyar kuna noma, wasu na atisaye, yaya ba za a ci ku ba? Babban kulob filinsa na dindindin ne."

Magana ta shiga kunnen samari. Aka kira taro a kan a canza manaja. Wani ya tambaya, to iyalin Manu fa? Shehu ya buga ƙirji ya ce kulob zai kula da su, ai babban kulob ba ya barin nasa. Aka ce a ɗaga hannu. Hannuwa suka rabu biyu daidai, kowa ya juya yana kallon Dawuda.

Dawuda ya ɗaga nasa.

Ba don ya ƙi Malam ba, ba don kwaɗayin kofi ba. Gaskiyar magana ita ce ya gaji da ranar gayya. Ya gaji da ganin Luba ta kawo fura bakin gona da yarinya a baya mai goshin Manu sak. In babu noma, babu wannan gani. Iyakar dalilinsa ke nan, ko shi kansa bai taɓa faɗa wa kansa ba.

Malam Nata'ala ya tashi. Ya miƙa usur, ya yi musu fatan alheri. Ba a daɗe ba ya ajiye aiki ya koma garinsu Kusada.

Shehu ya sa aka kawo turakun ƙarfe. Da yake Dawuda ne mai hannun aiki, shi ya kwaɓa simintin da aka kafa su. Aka dasa darbejiya a kewaye don 'yan kallo su samu inuwa. Bube ya aiko sau biyu yana tuni da sharaɗi, aka ce a gaya wa baba ya kwantar da hankalinsa. 'Yan gida aka riƙa ajiye su ɗaya bayan ɗaya, ana sa direbobin lori da ma'aikatan awon gyaɗa da suka iya taka leda. Kuma ba a yi ƙarya ba, sun iya. A shekara ta biyu suka ciwo kofin da wani Bature ɗan kasuwa ya sa wa garuruwan yankin.

An zaga gari da kofin nan har da kalangu. Dawuda na cikin ayarin, yana tafiya kamar mai rakiyar baƙo tasha.

Iyalin Manu kuwa, ba wanda ya hana a kula da su. Kowa dai ya ɗauka wani na yi.

Rannan, ana saura 'yan makonni ruwa ya sauka, Dabo ya iso rumfa ba da musu ba. Bai ko zauna ba.

"Bube ya kai ƙara wurin alƙali. Ya ce bana sai an shuka gonar jikokinshi."

Babba ya yi tsalle ya miƙe.

"Wace gona? Hilin gari dai! Ga darbejiya mun dasa, ga siminti. Kuma dokar kofi ta ce kulob ɗin da ba shi da hili tsayayye ba ya shiga. So yake mu rasa kofi?"

"Shehu ma haka ya ce ma alƙali, wai kyauta Manu ya ba gari. Alƙali ya ce Bube ya kawo shaidu biyu da suka ji an ce aro. Ran Alhamis." Dabo ya juyo. "Mu huɗu muka je zauren nan da goro. Ni, da Manu, da Malam, da kai, Dawuda."

Lissafin bai da wuya. Dabo ɗaya ne. In ba a samu na biyu ba, gona ta zama filin gari, marayu sun tashi a tutar babu. In an samu, Zarata ba su da fili, ba su da kofi.

Babba ya matso ya dafa kafaɗar Dawuda.

"Kai dai ba ka cika tuna abu ba, ko? Shekara bakwai ai da nisa."

Dawuda ya ce, "Da nisa."

Bai ji tsoro ba, bai ji kunya ba. Abin da ya ji kawai shi ne ba ya son a kalle shi. Sai dabara ta zo masa: a ɗauko Malam Nata'ala ya yi shaidar. Malam ba ya zaune a garin, ba abin da zai rasa. Shi kuma ya tsira daga ɓangare biyu.

Washegari da hantsi ya rufe rumfa, ya hau keke ya nufi Kusada. Manoma na ta sharar gona suna ƙona kara. Bai tsaya gaisawa da kowa ba.

Matar Malam, Kulu, ita ta amsa sallamarsa daga bayan zana. Da ya faɗi sunansa sai ta leƙo.

"Dawuda na Kankiya? Yau kai ne a gidanga? Shigo, ai kai ɗa ne."

Ya tarar da Malam a kwance a kan tabarma a inuwar rumbu. Rabin jikinsa ya shanye tun watan azumi, baki ya karkace. Mutumin da usur ɗinsa ke tsayar da samari ashirin wuri ɗaya, yanzu ƙuda ma sai an kore masa. Da gani ka san ba mai zuwa gaban alƙali ba ne.

Dawuda ya durƙusa ya gaishe shi. Malam ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙo hannunsa mai lafiya ya kama nasa. Babu alamar fushi a fuskarsa. Ya ɗaga ido ya kalli gabas inda gajimare ya fara taruwa, ya yi ta kokawa da harshensa.

"Turaku... an... cire?"

Kulu ta ce a hankali, "Haka yake yi in ya ga hadari. Wani lokaci shina manta an karɓe usur ɗin."

Dawuda ya buɗe baki bai san abin da zai fito ba.

"Za a cire, Malam."

Malam ya lumshe ido, ya saki hannunsa.

Da zai tafi, Kulu ta rako shi har bakin zaure. Ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi zafi.

"Ka san inda Luba take?"

"Tana gida, ina ji."

"Kana ji. Tana Kunduru wurin ƙanen ubanta tun bara, sussuka take ma mutane ana ba ta ɗan abin da ya samu. Shekarar hwarko Malam ke ɗibar hatsi cikin rumbun ga shina aika mata da jaki, ya hana in hwaɗa ma kowa. Da ya kwanta, ni ba ni da ƙarhin yi. Ku kau an ce mani kun ciwo kofi. Allah ya sa alheri."

Dawuda ya ce amin. Wallahi amin ya ce, don bai samu wata kalma ba.

A hanyar dawowa ya yi ta jira ya ji wani abu, ko baƙin ciki, ko haushin kansa. Shiru. Ƙafafunsa na taka feda, idonsa na kan hanya. Abu ɗaya dai ya tsaya masa a kai, ya ƙi gaba ya ƙi baya: ba sauran wanda zai ɓuya a bayansa.

Ran Alhamis zauren alƙali ya cika har waje. Shehu ya zo da fararen kaya, ya yi bayani mai daɗin ji a kan ci gaban gari da sunan da Zarata suka yi. Ya ce mai hankali ba ya bari a kafa siminti a gonarsa yana kallo, in ba ya riga ya bayar ba. Bube na zaune a gefe da sandarsa, idanunsa sun yi yana, ba ya ganin mai maganar sosai.

Dabo ya ba da shaidarsa. Alƙali ya ce ina na biyu.

Dawuda ya tashi. Ya ji Babba na cewa daga baya, "Tuna da kulob, Dawuda."

Alƙali ya tambaye shi abin da ya sani. Ya amsa da irin muryar da yake gaya wa mutum tayarsa ta mutu.

"Allah ya gahwarta Malam, gonar Manu ce. Aro muka karɓa, da kunnena na ji. An ce kar a dasa itace, kar a yi gini. Baba ya aiko sau biyu shina tuni, ina wurin aka sallami ɗan aiken. Simintin kuma ni na kwaɓa shi."

Shi ke nan. Bai ƙara ba, bai rage ba.

Alƙali ya mayar wa marayu gonarsu, ya ce a kwashe duk abin da aka kafa kafin shuka.

Abin da ya biyo baya bai ɗau lokaci ba. Shehu ya ce shi ba ya aiki da ƙauyawa, ya tattara rigunan da takalman ya kulle. Lokacin gyaɗa ya riga ya wuce, direbobi da ma'aikatan awo suka bi lorinsu, dama an ce baƙo raɓa ne. Aka aiko daga gasar aka karɓi kofi, tunda Zarata ba za su kare shi ba. Majalisa ta tashi daga gindin tsamiya ta koma shagon Babba. Masu keke da dama suka gwammace su tura abinsu har wata unguwa da su kawo wa Dawuda.

Ya zauna shi kaɗai a rumfa kwana uku. A rana ta huɗu ya ari diga ya nufi fili.

Siminti ya kama ƙasa da kyau, don shi ya yi shi kuma bai yi algus ba. Ya sara tun safe har rana ta take, turke ɗaya bai ko motsa ba. Dabo ya zo da shebur. Can sai ga biyu daga cikin 'yan gidan da Shehu ya ajiye, suka kama tumɓuke darbejiya.

Wajen azahar sai ga Babba tela, fuska a murtuke. Ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Ni dai ban canza magana ba. Shehu ya hi Malam iya ƙwallo."

Dabo ya ce, "Mun ji."

"Kuma kun kashe kulob."

"Mun ji."

Babba ya kalli tafin hannun Dawuda da ya fashe yana jini, ya yi tsaki.

"Miƙo digar nan, ba haka ake riƙonta ba."

Sun kayar da turke na uku ke nan sai suka ji ƙarar sanda a kan busasshiyar ƙasa. Bube ne, yana lalube a hankali. Ya tsaya a bakin ramin, ya karkata kai yana sauraro.

"Dawuda na nan?"

"Ga ni, Baba."

"Matso."

Dawuda ya matso ya durƙusa. Tsohon ya laluba ya dafa kansa. Ya yi zaton godiya za a yi masa, ko faɗa, ya kuma shirya wa kowanne da irin shirun da ya saba.

Bube ya ce, "Tun ranar da muka kai Manu ban ƙara jin muryarka a zaurena ba, sai a gaban alƙali. Ni na ɗauka ku biyu muka rufe."

Tsohon ya ci gaba.

"Luba ta dawo jiya da ɗiyan. Ƙaramar ta tambaye ni, wai an ce ubanta ba a cin shi ƙwallo, da gaske ne? Ni kau ban taɓa zuwa kallo ba, ko sau guda. Ban san abin da zan ce mata ba." Ya gyara riƙon sandarsa. "Kai ka tsaya a gabanshi shekara ukku. Ka zo ka hwaɗa mata."

Dawuda ya buɗe baki zai ce to, sai abin da ya toshe masa ƙirji ya ɓalle. Ya zauna daɓas a kan ƙasar da suka tono, ya rufe fuska da hannuwansa masu jini, ya fashe da kukan da ya kamata ya yi shekara huɗu da suka wuce. Ƙaton mutum, da rana tsaka, a gaban jama'a. Ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri. Babba ya juya baya ya ci gaba da sara.

Da ya samu kansa, ya share ido da gefen riga ya ce, "Ana cin shi, Baba. Ana cin shi sosai. Amma zan zo in hwaɗa mata."

Darasi: Girman kulob, ko ƙungiya, ko gida, ba a kofi da riguna yake ba. Yana wurin yadda ake riƙe amanar waɗanda aka tsaya a kan ƙasarsu. Duk nasarar da aka gina a kan haƙƙin maraya, ranar tumɓuke ta na nan tafe. Kuma kada ka ce kai ba ka cuci kowa ba don ka yi shiru, wani lokacin ɗaga hannu ɗaya da kau da kai sun isa su raba yara da abincinsu. In akwai iyalin wani amininka da ka daina leƙawa don ganinsu na tuna maka da shi, ka je yau. Ku tura wa masoya ƙwallon da kuka sani, musamman masu musun da ba ya ƙarewa.